Shakka, Imani da Kame Harshe: Fashin Baƙi a Kan Abin da Ya Sami Imam Gazali

A watan Rajab na shekarar 488 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da tsakiyar shekarar 1095, malamin da ya fi kowa suna a birnin Bagadaza ya wayi gari harshensa ya ɗaure. Abu Hamid Muhammad al-Gazali bai cika shekara arba'in ba a lokacin, amma shi ne ke riƙe da kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya, ɗalibai ɗari uku ke zama a gabansa, kuma fadar halifa tana jin maganarsa. Shi da kansa ya ba da labari a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal cewa yakan tilasta wa kansa ya ba da karatu ko da na yini ɗaya ne don ya faranta ran masu zuwa, amma kalma ɗaya ba ta fita. Daga nan abin ya gangara cikinsa, loma ta daina narkewa, har likitoci suka fid da tsammani, suka ce wannan abu ne da ya sauka a zuciya ya bazu zuwa jiki, kuma ba shi da magani sai zuciyar ta huta daga abin da ke cin ta.

Na ɗauko labarin wannan bawan Allah ne saboda akwai abubuwa biyu da muka saba tattaunawa a rarrabe, alhali jijiyarsu ɗaya ce. Na farko shi ne yadda muke karɓar mutumin da kokwanto ya shiga zuciyarsa a kan addini, na biyu kuma yadda muke zama da wanda aƙidarsa ko addininsa ya saɓa wa namu. Abin da na fahimta, bayan dogon nazarin rayuwar Gazali, shi ne wanda ya taɓa ɗanɗana wahalar neman yaƙini da kansa yana da wuya ya yi gaggawar yanke wa wani hukuncin wuta, kuma al'ummar da ba ta iya sauraron tambayar ɗanta ba za ta iya haƙuri da maƙwabcinta ba.

An haifi Gazali a garin Ɗus da ke yankin Kurasan, a ƙasar Iran ta yau, a shekarar 1058. Ya yi karatu a Naisabur a hannun Imamul Haramaini al-Juwaini, bayan rasuwar malamin nasa a 1085 ya koma fadar waziri Nizamul Mulk, wanda ya naɗa shi a Nizamiyya ta Bagadaza a 1091. Shakkar da ta fara kama shi ta girmi wannan muƙami. Ya ce tun yana dab da balaga ya lura cewa 'ya'yan Nasara a kan Nasaranci suke tashi, 'ya'yan Yahudawa a kan Yahudanci, 'ya'yan Musulmi kuma a kan Musulunci, sai ya haɗa wannan da hadisin da ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke juya shi. Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce: daga cikin abin da na yi imani da shi, wanne ne na sani, wanne ne kuma na gada kawai? Wannan tambaya ce da duk mai hankalin da ya tashi a gari irin Kaduna ko Jos, inda ladan da ƙararrawar coci ke amsa wa juna, zai iya yi wa kansa ko da sau ɗaya ne a rayuwa, ko ya faɗa ko ya ɓoye.

Gazali bai tsaya a nan ba. Ya nemi ilimin da babu ƙofar da kuskure zai shigo masa, irin sanin cewa goma ta fi uku yawa, wanda ko da wani zai mai da sanda maciji a gabansa don ya tabbatar masa da akasin haka, iyakarsa ya yi mamaki, amma ba zai canza ba. Da ya duba abin da ido ke gani sai ya ga ido yana ruɗi, domin yana kallon inuwa ya ce a tsaye take, alhali tana tafiya sannu a hankali, yana kallon tauraro ya ce bai fi dinari ba, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Hankali ne ya ƙaryata ido a nan. To, wa ya ba shi tabbacin cewa babu wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa take ƙaryata abin da mai barci ya sakankance da shi a mafarki? Ya ce ya shafe kusan wata biyu a cikin wannan hali, bakinsa bai furta shakka ba, amma zuciyarsa a cikinta take. Kuma da ya fita, bai ce hujja ce ta fitar da shi ba, ya ce wani haske ne Allah Ya jefa a ƙirjinsa, sannan ya ƙara da cewa duk wanda ya zaci gano gaskiya ya rataya ne kawai a kan tsararrun hujjoji to ya ƙuntata rahamar Allah mai faɗi. A riƙe wannan jimla, domin daga gare ta ne duk matsayinsa a kan kafirta mutane ya tsiro.

Kafin a ci gaba, ya kamata a warware kalmar shakka, domin mu a bakinmu abubuwa da yawa muke cusawa a cikinta. Akwai waswasi, wato tunanin da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, yana ƙinsa, yana jin tsoron ko da ambatonsa. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wasu sahabbai sun zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin wani abu a ransu wanda ya fi ƙarfin a furta shi. Ya tambaye su ko da gaske sun ji haka, suka ce e, sai ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun bayyana cewa ƙin abin da jin nauyinsa shi ne alamar imanin. Maganin irin wannan, kamar yadda wani hadisin ya nuna, shi ne neman tsari da daina bin zaren tunanin, domin wanda ya tsaya jayayya da waswasi ƙara masa ƙarfi yake yi. Mutane da yawa, musamman matasa masu kula da ibada, suna kwana suna kuka a kan wannan, suna sake kalmar shahada sau goma a yini, suna zaton sun fita daga addini, alhali da sun sami wanda zai karanta musu wannan hadisi ɗaya da sun sami barci.

Akwai kuma tambayar mai neman natsuwa, kuma ita ce ta fi shafar zancenmu. A aya ta 260 ta Suratul Baƙara, Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu. Aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, ya ce ya yi, amma yana son zuciyarsa ta natsu. Ba a tsawata masa ba, an umarce shi ya kama tsuntsaye huɗu, aka nuna masa. Wannan yana koyar da cewa tsakanin imani da natsuwa akwai tazara, kuma neman cike ta ba laifi ba ne. Irin wannan ya bayyana a wajen Kiristoci ma, a labarin Toma, almajirin Yesu, wanda ya ce ba zai yarda Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya gani da idonsa, da kuma uban nan na Linjilar Markus da ya ce ya ba da gaskiya, amma a taimaki rashin bangaskiyarsa. Daban da waɗannan duka akwai wanda gaskiya ta bayyana masa ya juya baya don girman kai ko son zuciya, ya laƙaba wa abin sunan shakka don ya sami mafaka. Matsalar ita ce daga waje duka ukun kama suke yi da juna, kuma mai gaggawa yakan ɗauki sandan da ya tanadar wa na ƙarshe ya sauke a kan na farko da na biyu.

Gazali ya yi wani kwatance da ke ba ni tsoro duk lokacin da na tuna shi. Ya ce sharaɗin mai koyi ido rufe shi ne kada ya san cewa koyi yake yi, da zarar ya sani to gilashin koyinsa ya fashe, kuma fashewa ce da ba a ɗinke ta da liƙi, sai dai a narka gilashin a wuta a sake ƙera shi. Ma'ana, matashin da tambaya ta riga ta shiga ransa ba zai koma yadda yake jiya ba don an daka masa tsawa. Ko dai a taimaka masa ya sake ƙera imaninsa a kan sani, ko kuma ya ci gaba da zuwa masallaci da fasasshen gilashi a ƙirji, bakinsa a rufe. A ƙarshen littafinsa Mizanul Amal ya faɗi maganar da ta fi wannan zafi, cewa shakku ne ke kai mutum ga gaskiya, wanda bai yi shakka ba bai duba ba, wanda bai duba ba bai gani ba, wanda kuwa bai gani ba ya zauna cikin makanta. Wanda ya faɗi haka shi ne mutumin da al'umma ta yi wa laƙabi da Hujjatul Islam.

Bayan ya warke daga ciwon farko, ya bi hanyoyin masu neman gaskiya na zamaninsa ɗaya bayan ɗaya: malaman ilimin kalam masu kare aƙida da hujjojin hankali, masana falsafa, 'yan Baɗiniyya masu cewa sai ta bakin imami ma'asumi ake sanin gaskiya, da kuma sufaye. Abin lura a nan shi ne ladabin bincikensa. Ya ce mai da martani ga wata mazhaba kafin a fahimce ta har ƙarshe jifa ne a cikin duhu, don haka ya shafe kusan shekara biyu yana karanta falsafa a lokutan da ya samu bayan koyarwa, ya ƙara kusan shekara guda yana juya ta a ransa, kafin ya ɗaga alƙalami a kanta. Da ya zo kan Baɗiniyya ya tsara hujjojinsu da kyau har wasu 'yan uwansa suka zarge shi da yi wa abokan gaba aiki. Sau nawa a yau muke ganin mai wa'azi ya yanke hukunci a kan ɗarika ko ƙungiya ko addinin da bai taɓa karanta shafi goma daga littattafan masu shi ba, sai abin da ya ji daga bakin masu ƙinsu?

Ciwon shekarar 1095 kuwa wani iri ne daban. A wannan karon bai yi kokwanton Allah ko Manzo ko Ranar Lahira ba, ya ce waɗannan uku sun riga sun kafu a ransa. Kansa ya yi wa shakka. Ya duba niyyarsa a koyarwa ya ga ba don Allah tsantsa ba ce, neman girma da yaɗuwar suna ne ke tura ta. Wata shida yana gaba yana baya, da safe ya yi azamar barin komai, da yamma sha'awar muƙami ta rusa azamar, har harshen ya ɗaure. A watan Zulƙida na wannan shekara ya bar Bagadaza, ya nuna wa mutane Makka za shi, alhali Sham ya nufa, don kada halifa ya tsare shi. Ya zauna a Dimashƙa kusan shekara biyu, yana hawa hasumiyar babban masallaci ya kulle kansa yini guda, daga nan ya wuce Ƙudus, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim a Halil, ya yi aikin Hajji. Sai a shekarar 1106 ya koma koyarwa a makarantar hukuma, a Naisabur, bayan kimanin shekara goma sha ɗaya, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din.

Bagadazan da ya bari ba garin lumana ba ne. A shekarar 469 ta Hijira, kimanin shekara goma sha biyar kafin zuwansa, wa'azin Abu Nasr ɗan Ƙushairi a Nizamiyya ya tayar da rikici tsakanin ɓangarori biyu na Musulmi, Hambalawa da Ash'arawa, har aka rasa rayuka a tituna. A 1092 aka kashe Nizamul Mulk da wuƙa, kisan da aka jingina wa Baɗiniyya. Gazali ya ga yadda Bahambale ke kafirta Ba'ash'are, Ba'ash'are ya kafirta Bahambale da Bamu'utazile, Bamu'utazile kuma ya rama, kowa yana cewa ɗan uwansa ya ƙaryata Manzo. Shi ma da ya dawo koyarwa a Naisabur bai tsira ba, an yi ta tsintar kalmomi a littattafansa ana kai ƙararsa wajen masu mulki. A cikin wannan yanayi ya rubuta ɗan ƙaramin littafi mai suna Faisalut Tafriƙa, don ya shata iyakar da ke tsakanin Musulunci da fita daga cikinsa.

Ma'aunin da ya kafa mai sauƙin faɗa ne. Kafirci shi ne ƙaryata Manzo a cikin wani abu da ya zo da shi, imani kuma gaskata shi. Wanda ya karɓi nassi amma ya fassara shi ta wata fuska, bisa ƙa'idar tawili, bai ƙaryata ba, ko da ya yi kuskure, kuma babu wata ƙungiya a cikin Musulmi da ba ta yin tawili a wani wuri. Ya ce tushen imani uku ne, Allah da Manzonsa da Ranar Lahira, abin da ya biyo baya rassa ne, kuma a rassa ana iya cewa mutum ya yi kuskure ko ya yi bidi'a, amma ba a fitar da shi daga addini sai in ya musanta abin da ya tabbata daga Manzo ta hanyar da ba ta karɓar kokwanto. Wasiyyarsa ita ce mutum ya kame harshensa daga ma'abota alƙibla gwargwadon iko, muddin suna furta kalmar shahada ba tare da warware ta ba, domin kafirtawa tana da haɗari, shiru kuwa ba shi da haɗari. Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake: kafirtawa hukunci ne na shari'a da ke taɓa jini da dukiya da aure da gado. Shi ya sa a wani littafin nasa ya ce kuskuren barin kafiri dubu da rai ya fi sauƙi a kan kuskuren zubar da jinin Musulmi ɗaya, ko da cikin ƙahon mai ƙaho ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a addini, shi ne darasin da Usama ɗan Zaidu ya koya ranar da ya kashe mutumin da ya furta shahada a fagen yaƙi, Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne ya gani.

Wurin da ya fi zafafa harshe shi ne kan malaman kalam da suka kafirta gama-garin Musulmi, suna cewa wanda bai san aƙida ta hanyar hujjojinsu ba to ba shi da imani. Ya ce waɗannan sun ƙuntata rahamar Allah, sun mai da Aljanna waƙafi a kan 'yar ƙungiyarsu. Ya tuna musu cewa Larabawan ƙauye suna zuwa su musulunta a gaban Annabi, ba a taɓa zaunar da ɗayansu an ce sai ya kawo hujjar faruwar duniya ba. Mutumin da ya san cewa shi kansa ba hujja ce ta cece shi ba, ba zai yarda a mai da hujja kuɗin shiga Aljanna ba.

Da ya juyo kan waɗanda ba Musulmi ba, ya faɗi abin da har yau yake ba wasu mamaki. Ya kasa Kiristocin Rum da Turkawan zamaninsa gida uku. Waɗanda sunan Annabi bai taɓa isa kunnensu ba, ya ce suna da uzuri. Waɗanda labarinsa ya isa gare su yadda yake, da siffofinsa da mu'ujizojinsa, suka kau da kai ba su duba ba, su ne ya ɗora wa hukunci. Sai na tsakiya, waɗanda tun suna yara abin da aka faɗa musu kawai shi ne wani maƙaryaci ya yi da'awar annabta, ya ce a wurinsa waɗannan daidai suke da na farko, domin abin da suka ji kishiyar gaskiya ne, kuma irin wannan ji ba ya zaburar da mutum ya bincika. Ya ƙara da cewa wanda ya shiga bincike da gaske, bai yi sakaci ba, mutuwa ta riske shi kafin ya kai ƙarshe, shi ma rahama za ta lulluɓe shi. Akwai tambaya mai nauyi da ke ɓoye a nan ga kowane mai kira zuwa ga addini: idan abin da maƙwabcinka ya sani game da addininka shi ne gidansa da aka ƙona da sunan addinin, shin saƙon ya isa gare shi ko kishiyarsa ce ta isa?

Ba adalci ba ne a mai da Gazali abin da ba shi ba. Shi ne ya kafirta masana falsafa a kan mas'aloli uku, wato cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna, kuma ya yi wa Baɗiniyya hukunci mai tsanani. Bai taɓa cewa addinai duka ɗaya ba ne, kuma tsarin da ya rayu a ciki na jiziya ne da zimma, ba irin na ƙasar da kowa ke da ƙuri'a ɗaya ba. Haka kuma ba kowa ne ya karɓi sassaucinsa ba. A shekarar 503 ta Hijira, yana raye, aka ƙona Ihya a birnin Ƙurɗuba na Andalus da umarnin sarkin Murabiɗai Ali ɗan Yusuf. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu a watan azumi, ya ambaci Gazali da littafin Tafriƙa da suna a cikin waɗanda ya soki ra'ayinsu a kan uzurin waɗanda ba Musulmi ba, kuma malaman baya sun yi ta jayayya a kan ko ya fahimce shi daidai. Ina ganin ya kamata mai karatu ya san wannan saɓani, domin shi ma hujja ne: manyan malamai biyu sun saɓa a kan mas'ala mai girma haka, amma al'umma ta ci gaba da karanta littattafansu duka biyun a zaure ɗaya.

Wannan muhawara ta tsallako Sahara. A lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ke yawon wa'azi a Gobir da Zamfara, a ƙarshen ƙarni na 18, ya tarar da wasu ɗalibai da suka karanta ilimin tauhidi suka mai da shi jarrabawa. Suna tare talaka su yi masa tambayoyi a kan siffofin Allah da hujjojinsu, in ya kasa su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, aurensa ma da sauran magana. Shehu ya tsaya tsayin daka a kansu, kuma Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa mahaifin nasa ya yi wallafe-wallafe sama da hamsin a kan raddinsu. Har malaminsa da yake matuƙar girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, da ya karkata ga kafirta masu manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa a rubuce, cikin ladabi, ya nuna cewa wannan ba tafarkin Ahlus Sunna ba ne. Daga baya, bayan jihadi ya kai ga Barno, Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi ya juyo da irin wannan tambaya kan jama'ar Sakkwato, yana neman su faɗa masa da wace hujja suke yaƙar mutanen da ke salla da zakka da azumi, tunda saɓo ba kafirci ba ne. Bello ya ba shi amsa, kowa ya tsaya a kan bakansa, amma Bello ya kwafe wasiƙun abokin jayayyarsa ya sa a cikin littafinsa, kuma ta nan ne yawancin masu karatu suka san hujjar al-Kanemi.

Mun kuma ga inda hanyar take ɓullewa idan harshe ya kuɓuce. A watan Disamba na 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka sama da 4,000 a Kano. A ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, mutane suna sahu, aka kashe sama da 100. Waɗanda suka aikata irin wannan ba shakka ce ta yi musu yawa ba, sakankancewa ce da ba a taɓa gwada ta da tambaya ba, kuma duk ta fara ne da kalma, da cewa wane ba Musulmi ba ne. A ɗaya gefen akwai Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wanda a ranar 23 ga Yuni 2018 ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tsaya a gaban maharan yana da shekara 83. Babu wanda zai ce raunin imani ne ya sa shi haka. Wannan ya isa ya rushe zaton da wasu ke yi cewa haƙuri da mai wani addini sai wanda ya sassauta nasa. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta raba abubuwan biyu sarai, ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe ka ba, ba tare da ta nemi ka yarda da aƙidarsa ba. Hukuncin lahira na Mai lahira ne, haƙƙin maƙwabtaka kuwa a wuyanka yake yau.

Saura batun mai tambaya da ke cikin gida. Gazali bai goyi bayan a riƙa tayar wa mutane da ƙura a kan abin da bai dame su ba, littafin da ya kammala kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a Ɗus a ƙarshen 1111 ma a kan wannan yake, cewa a bar gama-gari da imaninsu mai lafiya. A wurinsa hujjojin kalam magani ne, mai lafiya ba ya bukatarsu, kuma suna iya cutar da shi, amma wanda ciwon ya kama dole a sami likitan da zai duba shi, shi ya sa ya ga wajibi ne kowane yanki ya kasance da malamin da ya iya warware shubuha. Abin da ya canza tsakanin zamaninsa da namu shi ne yawan masu ciwon. Dā tambaya sai ta yi tafiyar watanni a bayan raƙumi kafin ta iso, yau kuwa yaro ɗan sakandare a Gusau ko Maraɗi yana cin karo da ita a wayarsa kafin sallar asuba: me ya sa jarirai ke mutuwa a hannun 'yan bindiga, me ya sa aka yi ta addu'a ba a ga sauyi ba, ina makomar abokin karatunsa mai kirki da aka haifa a wani addini? Muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma idan ya kawo irin wannan tambaya gida ko makaranta, sau da yawa abin da yake samu shi ne a ce ya yi istigfari ya rufe bakinsa, ko a fara raɗa cewa boko ta lalata shi. Malamin da ya karɓe shi yana bukatar ya fara gane wane iri ne a gabansa, mai waswasi ne da ke bukatar a kwantar masa da hankali, ko mai neman natsuwa ne da ke bukatar a zauna da shi a buɗe littafi, kuma yana bukatar ƙarfin halin cewa bai sani ba a inda bai sani ba, kamar yadda aka ruwaito Imam Malik yana yawan yi. Idan aka kore shi, tambayar ba ta mutuwa, yana komawa da ita ɗaki ne ya rubuta ta a waya cikin dare, inda masu jiran amsa masa kashi biyu ne, masu ce masa addinin gaba ɗaya ƙarya ne, da masu ce masa iyayensa da limamin unguwarsu duk kafirai ne.